Yaƙin ƙarƙashin ƙasa: aikin sojan mahaƙin kwal William Hackett

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sau uku William Hackett ya kai kansa don a ɗauke shi a rundunar York da Lancaster ta sojan Birtaniya, sau uku ana sallamarsa. Ya haura shekara 40, ga kuma ciwon zuciya da aka gano yana da shi. Amma ranar 25 ga Oktoba 1915 sai ga shi rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya ta karɓe shi hannu bibbiyu, aka yi masa horon mako biyu a Chatham, aka tura shi Faransa. Shekarunsa ba su ragu ba, zuciyar ma ba ta warke ba. Yaƙin ne ya kai inda shekara 23 da ya yi yana haƙar kwal a Nottinghamshire da Yorkshire ta fi ƙuruciya da iya fareti daraja a idon janarori.

Zuwa ƙarshen 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cije a fagen daga na yamma. Daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, ya shimfiɗa waya mai ƙaya a gabansa, ya girke bindigogi masu aman wuta. A wasu wuraren tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita 100 ba, amma wanda duk ya ce zai ƙetara ta, da wuya ya kai rabi da ransa. To, idan sama ta gagara sai a bi ta ƙasa. Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin da ake yi wa birane masu ganuwa ƙawanya: ka haƙa hanya har ƙarƙashin abokin gaba, ka cusa nakiya, ka tashe shi. Jamusawa ne suka riga farfaɗo da ita a kan sojojin Birtaniya. Ranar 20 ga Disamba 1914, a kusa da Festubert a arewacin Faransa, suka tayar da ƙananan nakiyoyi 10 a ƙarƙashin sojojin Indiya na birged ɗin Sirhind, suka biyo da farmaki. Ɓarnar da aka yi ba ta kai tsoron da ya biyo baya ba. Soja yana iya duƙawa harsashi ya wuce, yana iya shigewa rami idan igwa ta yi tari. Amma idan ƙasar da yake kwance a kanta ce ba ya yarda da ita, ina zai nufa?

Wanda ya kawo amsar ba janar ba ne. John Norton-Griffiths ɗan majalisar Birtaniya ne kuma ɗan kwangila, kamfaninsa na aikin magudanan ruwan datti a ƙarƙashin birnin Manchester. Leburorinsa suna da wata hanyar haƙa yumɓu mai sauri wadda ba ta da ƙara. A watan Fabrairu 1915 ya samu ganin Lord Kitchener, ministan yaƙi, ya ɗauki ɗan shebur ɗin kwal na murhun ofis, ya zauna a ƙasa ya nuna masa yadda ake yi. Kitchener ya ce yana son irin waɗannan mutane 10,000. Rukunin farko mutum 18 ne. Ranar Alhamis suna cikin magudanar Manchester, kafin mako ya zagayo suna Faransa cikin kaki. Aka kafa kamfanoni takwas na farko, masu lamba 170 zuwa 177. Zuwa tsakiyar 1916 Birtaniya tana da kamfanoni 25 na masu haƙa, ga 3 na Kanada, 3 na Ostareliya, da 1 na New Zealand.

Waɗannan mutane sojoji ne a takarda. A zahiri mahaƙa ne da aka sanya wa kaki: na kwal daga Wales da Durham da Yorkshire da Sukotlan, na kuza daga Cornwall. Da yawa dattawa ne masu furfura, ba su iya sara wa hafsa yadda ake so ba, ba su kuma damu su koya ba. Shi kansa Norton-Griffiths zagaya bataliyoyi yake yi cikin motar Rolls-Royce da akwatunan giya, yana lallashin kwamandoji su sakar masa duk mahaƙin da ke cikin mutanensu. Ga kuma maganar kuɗi, wadda ta haddasa ƙyashi ba kaɗan ba. Ƙwararren mai haƙa sule shida yake karɓa a rana, mataimakinsa sule biyu da kwabo biyu, shi kuwa kurtun da ke riƙe da bindiga a sama sule ɗaya. A ganina sule shidan nan bai yi yawa ba, kuma wanda ya ji yadda aikin yake zai fahimci dalili.

Da farko ana nutsa rijiya a cikin ramin sojojinka na sahun gaba ko ɗan bayansa, a ɓoye bakinta. Daga gindinta sai a miƙe da hanya zuwa wajen abokan gaba. Hanyar ba ta tsayuwa ba ce. Tsayinta bai fi ƙafa huɗu da 'yan kai ba, faɗinta ƙafa biyu da wani abu. A ƙasar yumɓu ta Flanders, yankin da ya ratsa Beljiyam da arewacin Faransa, mutum uku ne ke aiki a goshin ramin. Na farko yana kishingiɗe a jikin wani katako mai siffar gicciye da aka tokare a karkace, ƙafafunsa na fuskantar bangon yumɓu. Yana riƙe da wani siririn shebur mai kaifi da matakin ƙafa, sai ya danna shi cikin yumɓun da ƙafa biyu, ya murɗa, curi ya ɓanɓaro. Na biyu yana gefensa yana tarar curin da hannu kafin ya faɗi, yana sa shi a buhu. Na uku yana ɗora buhunan a ɗan keke mai ƙafafun roba, ya tura baya, ya dawo da katako. Duk inci tara da aka ci sai a kafa katako huɗu, ƙasa da gefe biyu da sama, ba tare da ƙusa ba, saboda guduma tana da murya. Kumburin yumɓun ne ke matse su. Da wannan hanya ana iya cin mita 8 a rana, alhali Jamusawa da suke sara da diga ba su fi cin mita 2 ba, kuma ana jin sararsu.

A yankin Somme na Faransa kuwa ƙasar alli ce mai tauri, ba ta shuruwa, kuma tana kai sauti nesa. Lokacin da ake haƙa ramin Lochnagar a La Boisselle, da aka matso kusa da Jamusawa sai aka ajiye diga. Mutane suka cire takalma, aka shimfiɗe ƙasa da buhuna, ana ɓanɓarar allin da tsinin banati, wani na tara hannu yana cafewa. Magana sai da raɗa ko da ishara. A irin wannan yanayi, inci 18 a awa 24 aikin kirki ne.

Akwai wata matsala da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce ƙasar da aka fitar. Farin alli ko shuɗin yumɓun da ke can ƙasa a Flanders, idan aka zubar da shi a fili, jirgin leƙen asiri zai gan shi daga sama, kuma launinsa kaɗai ya isa ya gaya wa abokin gaba ana haƙa, har da zurfin da aka kai. Don haka sai an ɗure shi a buhu, a kwashe cikin dare zuwa nesa, a binne ko a rufe. Wannan jigila sojojin ƙasa ake arowa su yi ta, kuma yawansu ya ninka na mahaƙan. Ba sa son aikin, ba sa kuma son maƙwabtaka da masu haƙa, domin duk inda Jamusawa suka yi zargin akwai bakin rijiya, nan za su yi ta ruwan harsasan igwa.

Amma zuciyar wannan yaƙi sauraro ne. Kai kana haƙa, shi ma yana haƙowa, ba wanda ke ganin wani. A kan tsayar da komai a wasu sa'o'i, famfon iska ma a kashe, mutum ɗaya ya rarrafa zuwa ƙarshen wata 'yar hanya ya kwanta shi kaɗai da kyandir. Da farko da gwangwanin ruwa ake yi, a kafa shi a ƙasa a kara kunne, ko da sandar da ma'aikatan ruwa ke neman fashewar bututu da ita. Daga baya aka samu wata na'ura daga Faransawa: faifai biyu na katako masu zaiba a ciki, kowanne da bututun roba zuwa kunne ɗaya, irin na abin awon likita. Mai sauraro zai yi ta gusa faifai ɗaya har sai ƙarar ta yi daidai a kunnuwansa biyu, sa'an nan ya duba kamfas ya rubuta alƙiblar. Idan aka haɗa awon wurare biyu ko uku a taswira, inda layukan suka haɗu nan abokin gaba yake.

Fassara abin da aka ji shi ne ainihin gwanintar. Muddin kana jin sara, da sauran lokaci, don ba wanda zai tayar da nakiya mutanensa na goshin rami. Idan sara ta tsaya aka koma jan kaya a ƙasa, to buhunan nakiya ake shigarwa. Idan kuwa shiru ya biyo baya, an gama toshewa, saura a danna. Kowane ɓangare ya san ɗayan ya san haka, shi ya sa ake ɗaure diga da igiya a riƙa ja daga nesa, tana bugun bango kamar ana aiki, alhali an riga an janye mutane.

Mutane sukan ɗauka aikin masu haƙa shi ne tayar da manyan nakiyoyin da ke barin ƙaton rami a doron ƙasa. Waɗannan su ne kaɗan. Yawancin aikin tsaro ne: a haƙa doguwar hanya a kwance a gaban ramukan sojojinka, a fitar da rassa daga jikinta don sauraro, idan an ji abokin gaba ya matso a dasa 'yar nakiya wadda aka auna ƙarfinta yadda ba za ta fasa sama ba, sai dai ta murƙushe raminsa da duk wanda ke ciki. Wani lokaci kuma ramukan biyu kan ɓulle wa juna, a yi ta ta ƙare a cikin duhu da wuƙa da ƙaramar bindiga da shebur. A shekarar 1916 kaɗai Birtaniya ta tayar da nakiyoyi 750, Jamus 696.

Wanda fashewa ba ta kashe ba, iska na jiransa. Masu haƙa rijiya a ƙasar Hausa sun san akwai zurfin da in an kai numfashi kan yi nauyi, fitila ta mutu. Wannan mai sauƙi ne, don kyandir yana faɗakarwa. Mugun shi ne iskar gubar da nakiya ke bari bayan ta tashi, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kyandir kuma yana ci lafiya lau a cikinta. Takan maƙale a tsagogin alli na tsawon kwanaki, ta sulalo cikin rami. Mutum zai ji ƙafafunsa sun saki, kafin ya gane abin da ake ciki ya faɗi, wanda ya shiga ɗauko shi ma ya faɗi a kansa. Maganin da mahaƙan suka zo da shi daga ramukan kwal na gida shi ne ɓeraye da tsuntsun kanari a keji, don su gubar ke fara kayarwa. Har faratan kanarin ake yankewa, saboda kada ya sume yana maƙale da sandar da yake tsaye a kai, a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Daga baya aka buɗe makarantun koyar da ceto, aka kawo na'urorin numfashi masu suna Proto.

Cikin wannan duniya Hackett ya shiga, da farko a kamfani na 172, daga baya na 254. An haife shi a Nottingham ranar 11 ga Yuni 1873, ya yi aiki a mahaƙar Denaby Main da ta Manvers Main, ya bar mata da 'ya'ya biyu a Mexborough. Bai iya rubutu ba, wani abokin aikinsa ne ke rubuta masa wasiƙun gida. Bai daɗe a Faransa ba labari ya iske shi cewa ɗansa mai shekara 14, wanda shi ma ya fara aiki a mahaƙar kwal, ya yi hatsari an yanke masa ƙafa. Wato uban yana ramin yaƙi, ɗan yana ramin zaman lafiya, kuma na gidan ne ya fara cin rabonsa. Ga iyalan mahaƙa, ruftawar rami ba abin da yaƙi ya koya musu ba ne.

A Givenchy, kusa da La Bassée a arewacin Faransa, kamfani na 254 yana haƙa wata hanya daga rijiyar da suka sa wa suna Shaftesbury, a zurfin kusan ƙafa 35. Da misalin ƙarfe 2:50 na daren 22 ga Yuni 1916, Jamusawa suka tayar da wata babbar nakiya a kusa. A sama ta hallaka sojoji da yawa na bataliya ta 2 ta Royal Welch Fusiliers, ta bar ramin da aka riƙa kira Red Dragon. A ƙasa kuma girgizar ta rufta kusan ƙafa 25 na hanyar Shaftesbury, ta rufe mutum biyar a can ciki, har da Hackett. Masu ceto suka hau haƙa daga waje, igwa na ta sauka a sama. Bayanin hukuma ya ce bayan awa 20 ana aiki aka samu 'yar kafa ta cikin ƙasa da karyayyun katakai. Hackett ya taimaka wa mutum uku suka fice. Na huɗun, Thomas Collins, ɗan shekara 22 daga bataliya ta 14 ta rundunar Wales, ya ji mummunan rauni, ba ya iya bin kafar. Aka ce wa Hackett ya fito, ya ce shi mai haƙa rami ne, dole ya fara kula da sauran tukuna. Kafar tana ta tsukewa, ya ƙi motsawa. Daga nan ramin ya sake ruftawa. An yi kwana huɗu ana haƙa ba a kai gare su ba.

Ranar 29 ga Nuwamba 1916 Sarki George V ya miƙa wa matarsa Alice lambar Victoria Cross a fadar Buckingham. Ita ce lambar jarumtaka mafi girma a Birtaniya, kuma a cikin dubban masu haƙa na wannan yaƙi shi kaɗai ya same ta. Ba a taɓa fito da gawarwakin ba. Sunan Hackett na jikin allon tunawa na Ploegsteert, na Collins na Thiepval, kuma a 2010 aka kafa musu wani dutse a Givenchy mai tsayin santimita 120 da faɗin 80, daidai awon cikin rami.

Abin lura a maganar Hackett shi ne bai ambaci sarki ba, bai ambaci ƙasa ba, bai ma ce shi soja ne ba. Horon mako biyu ba ya dasa irin wannan hali. Doka ce ta ramin kwal, wadda ba a rubuta ba: ba ka fita ka bar wani a ciki, domin gobe kai ne a ciki. Hackett ya san katako, ya san yumɓu, ya fi kowa a wurin sanin abin da tsukewar kafar ke nufi, don haka ba za a ce bai gane hatsarin ba. Collins kuma ba ɗan kamfaninsa ba ne na asali, yaro ne da aka aro daga sojojin ƙasa. Wani zai iya cewa hisabin bai fita ba, an yi asarar rai biyu maimakon ɗaya, ga marayu a gida. Ta fuskar lissafi haka ne. Sai dai in babu wannan dokar, ban ga abin da zai sa mutum mai hankali ya yarda ya rarrafa ƙafa ɗaruruwa cikin ƙasa ba, ko da sule nawa za a ba shi. Rundunar ta ari ƙwarewar mahaƙa, kuma ba ta isa ta ɗauki ƙwarewar ta bar al'adar ba.

Ko duk wannan wahala ta biya? Ya danganta da abin da janarori suka yi da ita. Kwana tara bayan fashewar Givenchy aka buɗe yaƙin Somme, ranar 1 ga Yuli 1916. Nakiyar Lochnagar, mai nauyin kusan tan 27, ta tashi da ƙarfe 7:28, minti biyu kafin farmaki, kuma raminta na nan har yau. Ta tudun Hawthorn kuwa, wadda kamfani na 252 ya haƙa, an ba da umarnin a tayar da ita tun ƙarfe 7:20. Minti goman nan ya ishe Jamusawa su farfaɗo, su kama bakin ramin, su kuma tabbatar farmaki na tafe. Aikin watanni ya koma ƙararrawar gargaɗi. A ranar kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu.

A tudun Messines da ke Beljiyam ne aka yi abin yadda ya kamata. Masana ƙasa, ciki har da Edgeworth David na Ostareliya, suka ba da shawara kan shimfiɗun ƙasar, aka ratsa jiƙaƙƙen yashi mai gudu aka shiga shuɗin yumɓu, a zurfin da ya kai mita 24 zuwa sama da 30, ƙasa da inda Jamusawa suka fi sauraro. An fi shekara ana aikin, wasu nakiyoyin sun yi watanni a dashe ana gadinsu daga ruwa da kunnen abokin gaba. Jamusawa sun gano ɗaya, ta gonar Petite Douve, suka lalata hanyarta a 1916. Da ƙarfe 3:10 na asubahin 7 ga Yuni 1917, nakiyoyi 19 masu jimillar kusan tan 450 suka tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, igwa ta biyo nan take, sojoji suka bi bayanta, kafin rana ta yi tsaka tudun ya faɗa hannunsu. Ana yawan cewa Jamusawa 10,000 suka mutu a fashewar, amma akwai masana tarihi da ke ganin an yi wa adadin ƙari. Wasu nakiyoyin ba a tayar da su ba a ranar. Ɗaya daga ciki tsawa ce ta tashe ta a 1955, sauran suna nan a ƙarƙashin gonaki.

Messines ita ce ƙololuwa, kuma daga ita kasuwar ta fara watsewa. Jamusawa sun daina cunkusa sojoji a ramin sahun gaba, suka baje tsaronsu zuwa baya, don haka babu wani wuri guda da ya cancanci a yi shekara ana haƙa ƙarƙashinsa. Nakiyar ƙarshe da Birtaniya ta tayar a yaƙin, kamfani na 251 ne ya tashe ta kusa da Givenchy ranar 10 ga Agusta 1917. Daga nan aka mayar da masu haƙa ga gina ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda sojoji ke kwana igwa ba ta same su ba, da hanyoyin wucewa, irin waɗanda 'yan New Zealand suka haɗa a tsofaffin ramukan haƙar dutse na ƙarƙashin garin Arras a Faransa har suka ɓoye mutum kusan 24,000 kafin farmakin Afrilu 1917. Da Jamusawa suka yi babban yunƙurinsu a bazarar 1918, an miƙa wa kamfanoni da dama bindiga aka ce su tare gaba kamar kowane soja, tudun Messines ma ya sake komawa hannun Jamus a watan Afrilu. A watannin ƙarshe kuma, da Jamusawa ke ja da baya, masu haƙa ne ke shiga gaba suna kwance nakiyoyin tarko da aka bari a gidaje da gadoji da mararrabar hanyoyi.